Kwas ɗin tuƙi ta intanet: me zai koya maka, me kuma sai ka kama sitiyari

Koyon tuƙi kashi biyu ne. Akwai ilimin hanya, wato dokoki da alamomi da sanin wa ya kamata ya fara wucewa a mararraba, akwai kuma aikin hannu da ƙafa a cikin mota. Kwas ɗin intanet kashi na farko kaɗai yake ɗauka. Ko da an cika shi da bidiyo masu kyau, ba zai sa ƙafarka ta san inda kuloci yake kamawa ba, ba kuma zai nuna maka yawan ƙarfin da za ka sa wa birki motar ta tsaya ba tare da fasinja ya dungura gaba ba. Wanda ya gane haka tun da wuri zai ci moriyar kwas ɗin sosai, domin kashin da yake ɗauka shi ne wanda sababbin direbobi suka fi rainawa, kuma rashinsa yana jefa su cikin hatsari.

Kafin ka biya ko sisi, tambaya ɗaya ce a gaba: hukumar da za ta ba ka lasisi ta amince da wannan kwas? Kada ka nemi amsar a shafin masu kwas ɗin, domin kowa zai rubuta cewa an amince da shi. Shiga shafin hukumar bayar da lasisi ta inda kake zaune, ka nemi jerin makarantun da ta yi wa rajista, ka duba suna da lambar rajista su yi daidai harafi da harafi. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya, wanda bai kai shekara 18 ba sai ya yi awa 30 na karatun ilimin hanya, wanda ana iya yin sa ta intanet, sannan awa 6 a mota tare da malami mai lasisi, da awa 50 na atisaye tare da babba, 10 daga ciki da dare. A Texas, mai shekara 18 zuwa 24 da ke neman lasisin farko kwas na awa 6 ake nema daga gare shi. New York tana da nata kwas na awa 5 da ake yi kafin gwajin hanya. A Birtaniya kuwa babu wajibcin wani kwas kwata-kwata, abin da ake so shi ne ka ci jarrabawar rubutu, ko ta wace hanya ka yi shiri. Takardar da ka samu daga kwas na wata jiha yawanci ba ta da amfani a wata, komai kyan karatun.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan saurin faruwa. Kamfanoni da yawa suna sayar da kwas iri biyu ko uku a shafi guda: na mai neman lasisin farko, na direban da aka kama da laifi yake son a rage masa hukunci, da na mai neman ragi a kuɗin inshora. Darussan suna kama da juna, amma takardun daban suke. Mutum sai ya gama awanninsa kaf, ya je ofishin lasisi, a ce masa ba wannan ba ce. Haka batun suna. Rubuta sunanka da ranar haihuwarka daidai yadda suke a katin shaidarka, kada ka taƙaita, kada ka sauya jerin sunayen, domin da abin da ka rubuta ranar rajista za a buga takardar, kuma gyara daga baya yana cin lokaci, wani zubin har da ƙarin kuɗi. Ka kuma duba abu uku a ƙa'idojinsu: tsawon lokacin da aka ba ka ka kammala kafin a rufe maka shafin, sau nawa za ka iya maimaita jarrabawar ƙarshe, da ko kuɗin takardar shaida yana cikin abin da ka biya.

Yadda kwas ɗin yake tafiya ba shi da wuya. An raba shi babi-babi, kowane babi da rubutu da bidiyo da 'yan tambayoyi a ƙarshe. Inda doka ta ƙayyade awanni, akwai agogo a shafin, ba za ka tsallake zuwa gaba ba sai lokacin ya cika, idan kuma ka daɗe ba ka taɓa komai ba sai ya fitar da kai. Wasu kan jefo tambayoyin da ka amsa ranar rajista, ko su nemi hoto ko murya, don su tabbatar kai ne zaune ba wani ka ɗora ba. Rubuta waɗannan amsoshin ka ajiye, saboda faɗuwa a kansu sau da yawa yana iya sa a kulle maka shafin. Idan intanet ɗinka tana yankewa, ka riƙa ƙarasa babi kafin ka tashi, don wasu manhajojin ba sa adana inda ka tsaya sai a ƙarshen babi.

Wannan agogon shi ne ya haifar da ɗabi'ar da ta fi ɓata kwas ɗin intanet: a kunna bidiyo a ajiye waya, a dawo a danna gaba. Ana samun takarda a haka, ana ma iya cin jarrabawa ta hanyar haddace tambayoyin gwaji. Amma ga irin abin da ake tsallakewa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idonka ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarka ta hau birki, daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta wuce, wato ka riga ka ci mita 14 zuwa 21 motar ba ta rage komai ba. Sannan birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, yana buƙatar kusan wasu mita 14. Ka ninka gudun zuwa 100, tazarar birki ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi, ta kai wajen mita 55, ga kuma mita 28 zuwa 42 na kafin ka taka. Idan hanya ta jiƙe, lissafin ya ƙara tsawo. Daga nan ne dokar barin tazarar daƙiƙa uku ta samo asali: ka zaɓi wata alama a gefen hanya, idan motar gabanka ta wuce ta ka fara ƙirga, in ka iso kafin ka kai uku to ka matse ta da yawa. A ruwan sama ko hazo ka ninka ƙirgar. Da wannan lissafin kuma za ka gane dalilin da ake tsananta maganar waya: a gudun kilomita 90, kallon saƙo na daƙiƙa 4 tafiyar mita 100 ce ba ka ga hanya ba.

Babin da ya fi cancantar lokacinka shi ne na hango haɗari kafin ya iso. Sabon direba yana kallon bayan motar da ke gabansa ne, ko hancin tasa motar. Gogagge yana kallon nesa, yana zagaya ido, yana karanta ƙananan alamu: tayar motar da ke fake ta ɗan karkata waje, fitilar birki ta kama a mota ta uku a gaba, ƙwallo ta gangaro titi (yaro yana biye da ita), bas ta tsaya ta tare maka ganin masu tsallakawa, babbar mota ta buɗe hagu alhali dama za ta shiga. Wannan fanni ne da bidiyo yake koyarwa da kyau, a ganina ma ya fi aji, saboda za ka iya tsayar da hoton, ka koma baya, ka ga daidai inda alamar ta fara. Birtaniya ta sa shi cikin jarrabawarta tun 2002. Bayan tambayoyi 50 da ake so ka ci 43, ana nuna maka gajerun bidiyo 14, ka danna da zarar ka ga haɗari ya fara tasowa, haɗari 15 ne a cikinsu domin bidiyo ɗaya yana ɗauke da biyu, kowane haɗari maki 5 ne mafi yawa kuma makin yana raguwa gwargwadon jinkirinka, ana neman 44 daga cikin 75. Wanda ya yi ta dannawa barkatai don dabara, sifili ake ba shi a wannan bidiyon. Dole a ci kashi biyun a zama ɗaya, kuma sakamakon shekara 2 yake aiki, in ba ka ci gwajin hanya a cikinsu ba sai ka sake daga farko.

Ko ƙasarka ba ta yin irin wannan gwaji, yi wa kanka. Idan kana gaban mota wani yana tuƙi, ka riƙa faɗin abin da kake gani a fili ko a zuci: ga mararraba, ga mai keke a dama, wancan zai iya fitowa, da ni ne da na ɗaga ƙafa daga totur a nan. Minti goma na haka bayan kowane babi yana dasa darasin fiye da sake karanta shi sau uku.

Alamomin hanya ba sa buƙatar dogon bayani. Ka fara da siffa da launi kafin hoton da ke ciki: mai kusurwa takwas ja tsayawa ce cak, mai kusurwa uku da ta kifa kai ƙasa ba da hanya ce. Alamun gargaɗi a Turai kusurwa uku ne da jan baki, a Amurka kuwa rawaya ne masu siffar murabba'in da aka tsayar a kan kusurwa, shi ya sa bai kamata ka yi shiri da bidiyon wata ƙasa ba. Balle idan su hagu suke bi ku dama, duk bayanin shataletale zai zo maka a juye.

Game da tsarin lokaci, kada ka haɗiye kwas ɗin a kwana biyu. Minti 30 zuwa 45 a zama ɗaya ya isa, da littafin dokokin hanya na hukuma a gefe, domin daga cikinsa ake ciro tambayoyi, kuma idan kwas da littafin suka saɓa, littafin ne mai gaskiya (dokoki suna sauyawa, ba kowane kamfani ne yake sabunta darasi a kan lokaci ba). A jarrabawar gwaji, kada ka tsaya a kan makin da ka samu. Ɗauki kowace tambayar da ka faɗi ka gano dalilin amsar, saboda a ranar jarrabawa za a juya kalmomin. Tambayoyin da suka fi kayar da mutane su ne masu lambobi, kamar iyakar gudu kusa da makaranta da tazarar fakin daga mararraba, sai na wa ke da hanya idan motoci biyu suka iso tare. Idan kana cin kashi 90 cikin ɗari sau uku a jere a kan tambayoyin da ba ka taɓa gani ba, ka shirya.

Inda doka ta yarda, ka fara hawa mota da zarar ka samu lasisin lana, wato na mai koyo, kada ka jira darussan su huce. A wurare da yawa ana gwada ido kafin a ba ka, a Birtaniya kuwa a ranar gwajin hanya sai ka karanta lambar mota daga nisan mita 20, don haka mai buƙatar tabarau ya nema tun kafin ranar. Ranar farko ba ta titi ba ce. Fili babu kowa, ka gyara kujera yadda za ka take kuloci ko birki har ƙasa gwiwarka tana ɗan lanƙwashe, ka daidaita madubai ukun, ka ɗaura bel, sannan tashi da tsayawa, tashi da tsayawa, har motar ta daina mutuwa a hannunka. Mutuwar nan ba wani abu ba ne illa sakin kuloci da sauri kafin injin ya samu isasshen totur. Daga nan sai kwana, ribas, fakin, tashi a kan tudu da birkin hannu, kafin unguwa mai shiru, kafin babban titi. Jamus ta wajabta wa mai koyo darussa na musamman guda 12 na minti 45 kowanne, 5 a hanyar bayan gari, 4 a babbar hanya, 3 da dare, kuma wannan rabo ne mai kyau ga duk wanda yake tsara atisayensa, ko ba a tilasta masa ba.

Wajen gwajin hanya, abin da ke kayar da masu kwas ɗin intanet ba rashin sani ba ne. Sun san akwai gefen da madubi ba ya nunawa, sun ci tambayar a rubuce, amma wuyansu bai saba juyawa ba. Sun san ana tsayawa cak a alamar tsayawa, amma sai su gangara a hankali su wuce. Mai gwaji ba ya ganin abin da ke ranka, motsin kanka yake kallo, don haka jerin ya zama a bayyane kowane lokaci: madubi, sigina, waiwaye ta kafaɗa, sannan ka motsa sitiyari. Ka sa wanda yake zaune kusa da kai a lokacin atisaye ya riƙa ƙirga sau nawa ka tsallake ɗaya daga cikin huɗun, ku rubuta adadin bayan kowace fita, kada ka nemi ranar gwaji sai an yi fita da yawa a jere adadin yana sifili.