Shafin da Ba Ya Wahalar da Mai Buɗe Shi

Sana'armu a wannan ƙaramin kamfani ita ce tsara shafukan intanet da manhajojin waya, kuma kafin mu miƙa kowane aiki sai mun tabbatar cewa wanda ya buɗe shi zai samu biyan buƙatarsa ba tare da an wahalar da shi ko an yi masa wayo ba.

Wanda ya koya mini aikin ba ya fara duba kyawun shafi. Yakan zare linzamin kwamfuta ya ajiye gefe, ya ce in bi shafin daga sama har ƙasa da maɓallan rubutu kaɗai, sannan ya kunna manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, mu saurara tare. Duk hoton da ba a rubuta masa bayani ba, duk maɓallin da ba shi da suna, a nan asirinsa ke tonuwa. Har yau haka muke gwada aikinmu, kuma muna ƙarawa da tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi, domin ba kowa ke riƙe da sabuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, shi ya sa ba ma wasa da ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fara fitarwa a 1999. Bugunta na 2008 ya gindaya cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Rubutu ruwan toka a kan farin bango yana burge mai zane, amma dattijo ba ya iya karanta shi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo, waɗanda ke sauko da tsararren shafi, su sauya launi da tambari, su cika shi da manyan hotuna masu cinye data, su kira shi zane. Sai mai ba da aiki ya zo yana tayi da farashinsu, alhali bai san awannin da ake ɓatarwa wajen rage nauyin hoto ɗaya ba tare da ya dushe ba.

Akwai kuma aikin da muke ƙi ko nawa za a biya. An sha neman mu ɓoye maɓallin soke rajista, ko mu sanya agogon ƙarya mai nuna rangwame zai ƙare nan da minti biyar. Irin waɗannan dabaru ne masanin tsara shafukan intanet Harry Brignull ya fara tattarawa yana fallasawa a 2010, kuma dokar ayyukan dijital ta Tarayyar Turai ta 2022 ta haramta wa dandamalin intanet, ban da na ƙananan kamfanoni, yaudarar masu amfani da su ta hanyar zane. Mu ba mu jira doka ba. Idan mai aiki ya nace, muna nuna masa yadda za a sa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, in ya ƙi kuwa sai mu mayar masa da kafin alƙalaminsa.