Ƙibar da Inna ta yi wa murna

Wata bakwai da saukata a Amurka na tura hoto gida. Ina tsaye ne a bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu a Bronx, wani yanki na birnin New York, cikin rigar sanyi, kumatu sun cika, wuya ya ajiye. Ba a yi minti goma ba sai ga saƙon muryar Inna a WhatsApp: "Alhamdulillahi! Ɗan nan, ƙasar ta karɓe ka. Dubi yadda ka yi ɓulɓul!" Aka yi ta yawo da hoton a dangi. Ni ma na ji daɗi, don a Kano duk wanda ya yi tafiya ya dawo da tumbi an san ya samu.

Aikin da na fara samu dako ne na dare a Hunts Point, babbar kasuwar sarin abinci da ke ciyar da birnin New York. Ka ɗauko 'Yankaba ka ninka ta sau ba adadi, ka saka mata firji da tireloli. Daga ƙarfe goma na dare har asuba ina ɗaukar kwalayen tumatir, albasa, latas da tuffa, masu tafiya manyan otal-otal da kantunan Manhattan. Idan na tashi kuma, a gajiye, cikina na kiran ciroma, sai in tsaya a ɗan kantin kwanar layinmu, irin wanda 'yan Yaman ke riƙewa ba dare ba rana. Kayan gwarin da ke ciki bai wuce ayaba huɗu da suka fara baƙi da albasa a kwando ba. Sauran kantin daga ƙasa har rufi leda ce da kwali da gwangwani: biskit, cincin mai gishiri, burodin da zai yi mako biyu bai yi funfuna ba, sai firji guda cike da lemo kala-kala. Da 'yan daloli kaɗan sai in cika cikina, in haɗa da lemon roba mai lita 2 in ajiye a gefen katifa. Abin da a gida sai ranar Sallah ko an yi baƙo ake sayowa, nan shi ne abincin talaka.

A shekarata ta biyu na je gwajin jini, saboda yawan ƙishirwa da kasala. Likita ta ce sukarina ya hau, ina bakin ƙofar ciwon sukari, hawan jini kuma yana leƙe. Na ce mata ni fa ko a shayi cokali biyu kawai nake sawa. Ba ta yi musu da ni ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauko kofin gilashi da ledar sukari, ta riƙa zubawa da ƙaramin cokali tana ƙirgawa a gabana, har ta kai goma. Ta ce wannan shi ne abin da ke cikin ƙaramin gwangwanin lemo guda, wajen giram 39. Na tuna robar da ke gefen katifata, mai cin irin wannan gwangwani biyar da ɗoriya, wadda nake shanyewa a yini ɗaya. Jikina ya yi sanyi.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi da muke sallah tare, ya shekara talatin yana tuƙa tasi a garin. Da na ba shi labari, sai ya karɓi kwalin biskit ɗin da ke hannuna ya juya bayansa. "Ɗana, a ƙasar nan ba a sayen abu daga gaba. Gaba talla ce, gaskiya tana baya, da ƙananan rubutu." Na ce, "To Baba Alhaji, me zan duba?" Ya nuna min wata kalma mai tsawo, ya ce ruwan zaƙi ne da ake tatsa daga masara. Daga ranar na fara ganin sa ko'ina, a lemo, a burodi, har a miyar kwalba.

Ruwa ba ya tsami banza. Amurka ce ta fi kowace ƙasa noman masara, gwamnati kuma ta daɗe tana tallafa wa masu nomanta, don haka zaƙin masara ya zo da araha, har manyan kamfanonin lemo suka koma kansa a 1984. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne sanin su wane ne suka taɓa mallakar kayan da ke kan kantar. Kamfanin taba sigari na Philip Morris ya sayi kamfanin abinci na General Foods a 1985, ya ƙara da wani irinsa, Kraft, a 1988. R.J. Reynolds, shi ma na taba, ya haɗe da Nabisco mai biskit a 1985. Wato mutanen da suka ƙware wajen sa ka dawo gobe ka sake saye, su ne suka riƙe abincin karin kumallon yara na tsawon shekaru. Ko nama, da nake ganin ba a yi masa dabara, kamfanoni huɗu ne, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun da ake turkewa don nama a ƙasar. A kwatar Kano in wani mahauci ya tsawwala maka, taku biyu ka isa wurin wani.

Akwai kuma labarin da masu bincike na Jami'ar California a San Francisco suka tono a 2016. Sun gano takardun da ke nuna cewa a shekarun 1960 ƙungiyar masu sukari ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard kuɗi, suka fitar da nazari a 1967 da ya sassauta laifin sukari a ciwon zuciya, ya jibga shi kan kitse. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Da magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, ya nemi hana sayar da lemon da ya wuce kusan rabin lita a gidajen abinci a 2012, masu lemo suka garzaya kotu, babbar kotun jihar ta soke dokar a 2014.

Ban wanke kaina ba, ni na kai hannu bakina. Amma mutumin da ya yi awa goma yana dako, ɗakinsa ba shi da murhun kirki, ba ya zaɓe sai cikin abin da aka jera masa. Shi ya sa a nan ƙiba ta fi yawa a unguwannin marasa hali. Kusan mutum 4 cikin 10 na manyan Amurka suna da ƙibar da likitoci ke kira cuta, Bronx kuma ta daɗe tana zuwa ta ƙarshe a lafiya cikin gundumomi 62 na jihar New York, alhali kaso mai yawa na tumatirin garin ta cikinta yake bi.

Yanzu mu huɗu muke haɗa kuɗi. Ranar Lahadi bayan la'asar mu sayo wake da kuɓewa da garin masara a kantin 'yan Afirka, nama wajen mahauci na halal, mu dafa na mako mu raba a robobi. Yana cin lokaci, yana kuma cin barci. Lemo na koma sha a biki kawai. Abin da ke damuna shi ne hotunan da ƙanwata ke turowa na 'ya'yanta da safe: kowa da jakar makaranta, biskit a hannu ɗaya, lemon roba a ɗayan, da kuɗin da nake aikawa. Harajin naira 10 kan kowace lita da Najeriya ta sa wa lemo a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa saye ba.

Da Sallar bara na sake tura hoto, cikin babbar riga da ta fara yi min yawa. Inna ba ta aiko da murya ba, kira ta yi. "Ɗan nan, lafiya kuwa? Duk ka zube. Ko aikin ne ya tsaya ba ka faɗa min ba?" Na yi ta bayani a kan sukari da likita da cokali goma, tana ta "to, to". Bayan mako uku wani ɗan unguwarmu da ya dawo daga gida ya miƙo min ƙulli: kuka, daddawa, yaji, sai kwalbar zuma babba. Ta ce a faɗa min in riƙa sha safe da yamma har in murmure.