Wasiƙa daga bakin Kogin Bolga: ku da tambayar wace runduna ta fi ƙarfi

Assalamu alaikum. Ina gaida Baffa da su Goggo, ina gaida Hamma da iyali, da duk mutanen Jekadafari, musamman 'yan majalisar mai shayi ta bayan masallacin unguwarmu. Lafiyata ƙalau, karatu na tafiya, alhamdu lillahi. Gaisuwar ta tsaya a nan.

Tun ranar da kuka ji cewa garin da nake zaune a Rasha, Bolgograd, shi ne tsohon Stalingrad da aka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu, ban sake samun sakat ba. Duk wanda ya kira sai ya jefo tambayar nan, har yaron da ke wanke wa mai shayi kofuna ya aiko da saƙon murya: wace runduna ce ta fi kowace ƙarfi a tarihin duniya? Wannan ya ce Rumawa, wancan ya ce Iskandar, Malam ya ce a rufe zancen tunda an yi Khalid bin Walid a Yarmuk, Hamma kuwa ya kafe a kan Jamusawa. Ni likitanci aka turo ni in karanta, amma tunda kun nace zan taɓa Rumawa, in taɓa Iskandar, in taɓa Mongol, sannan in zo gida. Yaƙin da ake yi yanzu kam kada ku sa ni a ciki, baƙo ne ni a ƙasar mutane. Ku bar ni in fara da sanyi, don sai kun san shi za ku gane amsata.

Abin nan da muke kira sanyi a Gombe, na hunturu, da ake hura kara a ƙofar gida ana jin ɗumi, leɓe na tsagewa, tsofaffi na yawo da bargo, a nan ko jaket ba za a sa masa ba. Ranar da ma'auni ya fara nuna mini digiri 20 ƙasa da sifili na fito da takalmin fata da na ci Sallah da shi a gida, ina taƙama. Garin a shimfiɗe yake a gefen kogi, bayansa fili ne fetal, babu dutse babu kurmi da zai tare iska. Kafin in kai tashar bas gashin hancina ya daskare, ina jin sa kamar ƙaya. Wayata ta mutu alhali da cajinta. Yatsun ƙafa kuwa da farko suka yi zugi, daga baya suka yi shiru, kuma shirun shi ne abin tsoro. Wata tsohuwa a cikin bas ta kalli ƙafata ta hau ni da faɗa da Rashanci kamar jikanta, tana nuna nata takalmin mai gashi a ciki. Ban ji rabin abin da ta ce ba, amma a ranar na je kasuwa.

Na ɗan sami sauƙin kunya da na ji cewa shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ma ya sha wannan, lokacin da ya ratso yankin nan na Bolga shekara kusan 700 da suka wuce. Riguna uku na gashi da wando biyu yake sawa, har sai an cicciɓe shi kafin ya hau doki, in ya yi alwala ruwan ya daskare a gemunsa.

Bayan sanyi sai takardu. Da ka sauka a filin jirgi za a ba ka wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Ka riƙe ta kamar ranka. Daga nan sai rajistar wurin kwana, sai ɗaukar zanen yatsu, sai gwajin lafiya, kowanne da layinsa da hatiminsa. Ni abin da ya ci ni harafi ɗaya ne. Wani ma'aikaci ya juya sunan mahaifina zuwa rubutunsu da harafi kaza, wani ya juya da wani daban, sai na zama mutum biyu. Mako uku ina zarya tsakanin taga da taga, ana ce mini in dawo gobe, goben kuma ranar hutun tagar ce. Duk wanda ke shirin turo ɗansa, ya sa shi ya yi kwafin kowace takarda sau biyar, ya zauna ya gwada rubutun sunansa harafi-harafi kafin ya bar gaban teburin, kuma a ware masa kuɗin takalmi daban da na makaranta.

A tsaye a layin nan, ƙafa na daskarewa, na fara kallon tambayarku ta wata fuska. Mu a majalisa jarumta muke aunawa: wa ya fi zuciya, wa ya fi iya sara. Wanda ke ƙirga burodi da harawa da takalma, ba mai tuna shi.

Hamma, ga Jamusawanka. A ƙarshen watan Agustan 1942 runduna ta shida ta Hitila, ƙarƙashin Janar Paulus, ta iso bakin Bolga. Suka yi wa garin ruwan bama-bamai, aka koma yaƙin gida-gida, bene-bene. Har yau akwai wani ginin injin niƙa na jan bulo da aka bari yadda yaƙin ya bar shi, jikinsa duk ramukan harsashi kamar gidan rina. Ranar 19 ga Nuwamba sojojin Sobiyet suka ƙyale gaban Jamusawa suka afka wa gefuna, inda sojojin Romaniya ke tsaro da ƙarancin makamai, cikin kwana huɗu suka rufe zobe a kan mutum fiye da dubu 250. Yaƙi ɗan zamba ne. Aka yi musu alkawarin kawo abinci da mai ta jirgin sama. Suna buƙatar aƙalla tan 500 a kullum, abin da ke isowa bai wuce wajen tan 100 ba. Suka cinye dawakansu. Paulus ya miƙa wuya ranar 31 ga Janairun 1943 a ƙarƙashin ginin wani babban kanti, sauran suka bi ranar 2 ga Fabrairu. Cikin fursunoni kusan dubu 91, waɗanda suka sake ganin gida ba su fi dubu 6 ba. Horo da makamai ba wanda ya fi su a lokacin, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada kuma ku ce sanyi ne kawai, irin ƙaryar da ake yi wa Napoliyon na Faransa ke nan. Ya shiga Rasha a watan Yunin 1812 da mutum fiye da dubu 400, a cikin zafi. Kafin ya kai Borodino a watan Satumba, rundunar da ke hannunsa ta koma wajen dubu 130. Wasu an bar su gadin hanya, amma da yawa zawo da yunwa da zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa ne suka kwashe su, dawakai kuma suka yi ta faɗuwa. Wannan ɓangaren kam fannina ne, mun yi shi a aji. Ya shiga Mosko ya tarar mutanenta sun watse, a daren nan wuta ta kama ta. Sanyi ya zo ne ya ƙarasa wanda ya riga ya faɗi.

To in kun matsa sai na zaɓa, Mongol zan ba, a zamaninsu. Abin da ya kashe wasu shi suka mayar abin hawa. A hunturun 1237 jagororinsu Batu da Subutai suka shigo ƙasar Rasha da gangan cikin sanyi, suka bi kan daskararrun koguna kamar titi, suka ci Riyazan a watan Disamba, suka ci Baladimir a watan Fabrairu. Kowane mayaƙi na jan dawakai da dama, ya gaji da wannan ya hau wancan, ya sha nonon goɗiya, ya ci busasshen nama. Rumbunsu na tafiya da ƙafarsa. Amma su ma da suka ci Bagadaza a 1258 suka gangara Sham, Mamalik ɗin Masar ƙarƙashin Kutuz da Baibars suka karya su a Ain Jalut a 1260, bayan jagoransu Hulagu ya janye yawancin rundunarsa. Wasu masana na ganin har da rashin wurin kiwon dawakai a dalilin janyewar.

Rumawa dai hanya suka iya shimfiɗawa da haƙuri da asara: Hanibal, kwamandan Kartaj, ya yi musu kaca-kaca a Kanne, suka tara wata rundunar. Iskandar kuwa mutanensa ne suka ƙi gaba a Indiya. Maganar Yarmuk na bar wa Malam, ya fi ni sani.

Haɗa zamani da zamani kuwa wahalar banza ce. A Omdurman ta Sudan, a 1898, mayaƙan Mahadi kusan dubu 10 suka kwanta dama a safiya ɗaya, a ɓangaren Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Bindiga mai jigida ba ta tambayar zuciyar wanda ke gabanta.

Wannan ya kawo ni inda nake jin kunya. Sau uku ina hawa tudun Mamayef, wurin tunawa da yaƙin Stalingrad a nan garin, matakala 200, ɗaya a madadin kowace rana ta yaƙin, zuwa gindin mutum-mutumin nan mai riƙe da takobi, mai tsawon mita 85. Ina ganin 'yan firamare da malamarsu, kowa da furensa. Ni kuwa da aka haifa a Gombe ban taɓa taka Burmi ba, ga ta nan kusa da Bajoga. A nan ne a watan Mayun 1903 mutanen garin suka kora harin Turawa na farko, suka sa su ja da baya. A nan ne ranar 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, da ya baro Sakkwato yana hijira zuwa gabas, ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma bai fita da rai ba. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Mai Wurno har Sudan, jikokinsu na can. Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni ko ƙasarmu tana da filin yaƙin da ake zuwa gani, na ce akwai, ya ce in nuna masa hoto, na rasa.

Hamma, don Allah in ka sami sarari ranar wata Asabar, ka ɗauki yaran nan ku je Burmi, kuɗin mai a wuyana. Ka ɗauko mini hoton kabarin Sarkin Musulmi da kyau, ka nemi wani dattijo a garin ya ba ku labarin yadda ya ji shi daga iyayensa, ka naɗa a waya. In kuma akwai mai tahowa nan kafin Disamba, a haɗo ni da kuka da daddawa, yajin da Goggo ta daka ya ƙare tun watan jiya.

Wassalam, naku a Bolgograd.