Yaron bos da ya koma wajen jarumai: inda aikina ya tsaya a babi na 16

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon rubutun ƙagaggen labari. Mako shida ke nan rabona da kawo muku rahoto, kuma ba ajiye alƙalami na yi ba. Babi ɗaya ne ya riƙe ni, na 14, sai da ya sa na koma baya na warware kusan rabin abin da na ɗinka.

Ga waɗanda ba su ga rahoton baya ba: ina kwana a Agege cikin Legas, ina wuni a kasuwar Mile 12 a rumfar kawuna mai albasa, ni ke riƙe masa littafin lissafi. Bayan sallar isha'i nake rubutu a waya, kalma 400 zuwa 500 in jiki ya yarda. Labarin nawa a wata kasuwar gwari yake faruwa, wadda ban sa mata suna ba. Akwai bos, wani mai kuɗi da ke son ƙwace layin rumfuna daga hannun ƙananan 'yan kasuwa. Akwai jaruma, Inna Kande, bazawara mai sayar da tattasai da attaruhu. Sai yaron bos, Gambo, wanda duk aiken da aka yi masa sai ya ɓata shi. An tura shi ƙona rumfa ya manta ashana. An tura shi satar littafin bashi ya ɗauko wani daban. An ce ya tare mota a hanya, ya je ya tsaya a hanyar da ba ita ba. A babi na 13 bos ya kore shi, a na 14 ya koma ɓangaren Inna Kande.

Mako na farko

Na karanta wa ƙanwata babi na 14 a daren Lahadi. Ga wurin da na fi alfahari da shi a lokacin:

"Gambo ya daka tsalle ya tare ƙofar rumfar. Ƙarti biyar suka taso masa, ya watsar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya haye tirelar ya fizge ta cikin duhu."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, wannan Gambon da ya manta ashana? Yaushe ya koyi tuƙi?"

Maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci. Tana da gaskiya. Mutumin da na shafe babi goma sha uku ina nuna shi a matsayin wanda ko kwando ba ya iya ɗauka bai zubar ba, dare ɗaya na mayar da shi gwarzo, don kawai ya sauya gida. Kuma na san inda na kwaso wannan. Tun muna yara muke gani a finafinan Indiya da na gida da zane mai motsi: yaran bos su yi ta harbi ba su sami kowa ba, su yi ta faɗawa rami, amma ranar da ɗayansu ya tuba ya bi jarumi, sai hannunsa ya daidaita, ƙwaƙwalwarsa ta buɗe. Dalilin a fili yake. Mai labari yana buƙatar ɓangaren mugunta ya faɗi, ɓangaren kirki ya yi nasara, to sai ya raba iyawa bisa ɓangare, ya manta da mutumin kansa. Akwai ma kishiyarsa: bos mai ban tsoro wanda in ya tuba sai ya koma lagwani, don kada ya shafe hasken jarumi. Ciwon ɗaya ne.

Mako na biyu

Ban rubuta ko layi ɗaya ba. Na yi ta juya tatsuniyoyin da kakarmu ke yi mana. Kura kullum ita ce a ƙasa, Gizo ya yaudare ta yau, ya yaudare ta gobe, amma ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa. Kowane yaro ya sani: kwaɗayi ne ke rufe mata ido. Ƙarfi tana da shi, haƙora tana da su. Abin da ke kayar da ita yana da suna, kuma mai sauraro yana ganinsa tun kafin ta faɗi. Da na duba Gambo sai na ga kasawarsa ba ta da suna. Na sa shi yana ɓata aiki ne don mai karatu ya yi dariya kawai. Ruwa ba ya tsami banza, amma nawa ya yi tsami ba dalili, shi ya sa da na zo gyara shi ma na gyara ba dalili.

Mako na uku

A wannan makon ne abin ya buɗe mini, kuma a rumfa ya faru.

Akwai wani yaro ɗan dako da ya dawo wajen Kawu watannin baya. A da yana wajen wani mai rumfa can layin baya, inda sunansa ya fita da rashin amfani. Siriri ne, buhun albasa yana rinjayarsa, sau da yawa yakan kayar da kaya, maigidan kuma mai saurin hannu ne. Yaron ya kai in aka aike shi ba ya tambayar ina ne, don tambaya ma tana jawo masa mari, sai ya tafi da rabin saƙo ya dawo da rabin aiki. Ranar Laraba tirela ta iso mana da albasar Aliero, ta kwana uku a hanya, ga ruwa ya taɓa ta a wani wuri. Ana sauke buhuna ina ƙirgawa, sai na ga yaron yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora tafin hannu a cikin buhu, ya ɗan danna, ya sunkuya ya shinshina wajen ɗinkin. Ya wuce goma sha wani abu, ya tsaya a kan wani, ya ce, "Kawu, wannan ya fara zafi a ciki." Daga waje albasar jawur take, ɓawonta a bushe. Kawu ya sa aka farke buhun aka zazzage. A tsakiya muka tarar da kusan kwano biyu sun yi laushi, wuyansu ya jiƙe, suna tsatsar ruwa. Da buhun ya kwana cikin sauran, da ɓarnar ta yaɗu. Buhu bakwai ya ware a ranar, shida daga ciki maganarsa ta tabbata.

Kawu bai ce masa komai ba sai, "Daga yau kai ne mai duba kaya, ka bar dako." Na tambayi yaron daga baya inda ya koyi wannan. Ya ce tun yana ƙarami yake taya mahaifinsa juya albasa a rumbu a ƙauye. Wato duk shekarun da ake kiransa marar amfani, hancin nan da tafin hannun nan suna tare da shi. Ba wanda ya nema, shi kuma tsoro bai bar shi ya faɗa ba.

A danfo, motar hayar Legas, da yamma, muna tsaye cikin cunkoson Ojota, na buɗe waya na rubuta tambaya ɗaya a saman babi na 14: me Gambo ya iya tun farko wanda bos bai taɓa nema ba?

Daren Juma'ar makon, bayan magariba, na kai wa malaminmu maganar a taƙaice. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum in ya sauya ɓangare, iyawarsa ma sauyawa take?" Ya tuna mini hadisin da ke cewa mutane ma'adinai ne, zaɓaɓɓunsu a jahiliyya su ne zaɓaɓɓunsu a Musulunci idan sun fahimci addini. Ya kawo misalin Sayyidina Khalid bin Walid, Allah Ya ƙara masa yarda. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, yana ɓangaren Ƙuraishawa, shi ya zagayo da mahaya dawaki ta bayan dutse lokacin da maharba suka bar wurinsu. Bayan ya musulunta, a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8, shi ya karɓi tuta bayan kwamandoji uku sun yi shahada, ya janye rundunar ya tsirar da ita. Idon da ke gane inda fagen fama ya buɗe, shi ne a can, shi ne a nan. Ba ina haɗa sahabi da ɗan wasan labarina ba ne, Allah Ya tsare. Abin da na ɗauka shi ne ma'adinin yana nan tun asali, kuma wanda ya lura zai gan shi tun kafin mutum ya juyo.

Mako na huɗu da na biyar

Aikin warwara. Na cire faɗa da ƙarti biyar, na cire tirela. Na yanke cewa Gambo bai iya karatu ba, hannunsa ba shi da saiti, kuma haka zai mutu. Abin da Allah Ya ba shi shi ne riƙo. Duk abin da ya shiga kunnensa ya zauna: sunan kowa a kasuwa, garinsu, wa ke bin wa bashi, nawa ne, tun yaushe.

Daga nan na koma kan kasawarsa guda uku. Babi na 5, na satar littafi, shi ya fi cin lokacina, dare huɗu. A tsohon rubutu ya ɗauko littafin da ba shi ba, shi ke nan, a yi dariya. Yanzu ga yadda yake:

"Ya miƙa littafin yana rawar jiki. Bos ya buɗe, ya ga lissafin kuɗin shara ne. Gambo ya ce, 'Ranka ya daɗe, ai ba sai da littafi ba, mai tumatir na layi na biyu ana binsa kwando tara tun kafin azumi, shi kuma mai…' Marin da ya sauka a kuncinsa ne ya datse sauran."

Har yanzu da dariya a wurin, domin ya kawo littafin shara. Amma na binne iri. Mai karatu ya ji Gambo ya fara zubo abin da bos ke nema, ya kuma ga wanda ya rufe bakin da hannunsa. Na ƙara irin wannan a wuri biyu, ƙanana ƙwarai: a babi na 3 yana gaida mai gadi yana tambayar jikin 'yarsa da sunanta, a na 9 yana gyara wa mai shayi lissafin da ya yi kuskure. Ban bar kowa a labarin ya yaba masa ba. Da wani ya ce kai Gambo akwai ƙwaƙwalwa, da na tona irin tun bai tsiro ba.

Maganar hanyar da ya ɓata ta zo da sauƙi bayan na ga yaron rumfarmu: bos ya faɗi wurin cikin fushi, Gambo bai ji sosai ba, kuma ya san abin da tambaya ke jawowa. Ashana kuwa na bar ta a buɗe. Layi ɗaya kawai na ƙara, inda yake shafa aljihu a gaban rumfar ya tuna matar mai rumfar ta taɓa ba shi abinci ranar da ya kwana da yunwa. Ko mantawa ya yi ko ajiyewa, ban faɗa ba, kuma ina jin shi kansa bai sani ba.

Wata shawara da zan ba duk mai irin wannan ɗan wasa: kada ku bari jarumai su karɓe shi hannu bibbiyu. A sabon babi na 14 da na 15 ba abin da Gambo ya yi na burgewa. Ya zubar da kwandon tattasai a ranar farko. 'Yan layin suna ɓoye kuɗi in ya shigo. Abu ɗaya ne ya bambanta: da Inna Kande ta aike shi ya tsaya yana kame-kame, sai ta ce, "Ɗana, in ba ka gane ba ka tambaya, ba mai dukanka a nan." Ya tambaya sau uku, ta amsa sau uku. Ya je ya dawo da aike cikakke, karo na farko a littafin.

Mako na shida

Shekaranjiya na gama babi na 16. Yaran bos sun ƙona littafin bashin layin gaba ɗaya, 'yan kasuwa sun taru an rasa wa ke bin wa, rigima tana neman raba kansu, wanda shi ne abin da bos ke so. Gambo yana rakuɓe a gefe. Inna Kande ta juya ta ce ya faɗi abin da ya sani. Ya fara da mai tumatir na layi na biyu, kwando tara tun kafin azumi, jimlar nan da mari ya datse a babi na 5, wannan karon ya kai ta ƙarshe. Ya bi layin rumfa rumfa, kowa yana gyaɗa kai in an zo kansa.

Na karanta wa ƙanwata jiya. Da na kai wajen kwando tara sai ta dafe baki ta ce, "Yaya, ai ya taɓa faɗin wannan!" Ta karɓi wayar da kanta ta koma babi na 5 tana nema.

Yanzu ina da kalma wajen 31,000, saura babi huɗu. Matsalar da ke gabana ita ce bos. Tunda na nuna yana da irin wannan yaro a hannu shekara da shekaru bai gane ba, ina tsoron ya fito a matsayin wawa, kuma in bos ya zama wawa nasarar Inna Kande ta yi arha. Ina tunanin in sa shi ya gane kuskurensa a babi na 17, ya aiko a dawo masa da Gambo da kuɗi da lallashi, ya kira shi da sunansa na yanka wanda bai taɓa kira ba. Ban san yadda Gambo zai amsa ba tukuna, domin mutumin da bai taɓa jin yabo daga bakin maigidansa ba, ranar da ya ji zai girgiza. Wanda ya taɓa rubuta irin wannan fage a cikinku, ina son jin yadda ya bi da shi. Gobe akwai mota biyu da za su iso daga Sakkwato, ba zan samu zama ba, sai daren Asabar zan fara babin in Allah Ya kai mu.