Mota ba ta "beat" ɗin akuya

A makon jiya, ina cikin duba jingar 'yan aji uku a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, sai na ci karo da jimlar wani yaro mai cewa "a car beat our goat". Abin da yake nufi a fili yake, wato mota ce ta buge musu akuya a hanyar kasuwa, amma Baturen da ya karanta wannan jimla zai ɗauka motar tsayawa ta yi tana jibgar akuyar, domin "beat" duka ne da ake maimaitawa, galibi da gangan, irin wanda makaɗi yake yi wa ganga. Bugu ɗaya tak, ko da niyya ko bisa tsautsayi, shi ne "hit", kalmar da ba ta sauyawa ko da aikin ya wuce. Inda "beat" ta yi daidai da Hausa sak shi ne fagen ƙwallo, inda mu ma muke cewa wata ƙungiya ta doke wata.

Ita kuwa "strike" ta fi zama a rubutu, tana kuma ɗauke da nauyi da ba-zata: da ita ake faɗin saukar aradu a kan bishiya, da saukar gudumar maƙeri a kan jan ƙarfe, idan aikin ya wuce kuma sai ta koma "struck". Ita ce dai kalmar yajin aiki.

Sauran ba sa wahalar da yaranmu, tunda Hausa ta riga ta rarrabe musu. Mari da tafin hannu "slap" ne, naushin ɗan dambe "punch", harbin jaki "kick", dakan gero a turmi "pound", ƙwanƙwasa ƙofa kuma "knock", ko da yake mu nan sallama muka sani. A ganina ma Hausa ta fi tsefe wannan fanni, domin ranƙwashi da muke faɗa da kalma guda sai Bature ya ambaci gaɓoɓin yatsu da kai kafin a gane shi.

Da na gama bayani, yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ruwan da ya dake ni jiya a gona fa, ai ba ɗigo ɗaya ba ne?" Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na amince hujjarsa tana da ƙarfi, sannan na rubuta masa a allo cewa a Ingila ruwa ba ya dukan kowa, kama mutum yake yi: "I was caught in the rain".