Lahadi, da yaron nan mai jar riga

Cinyoyina zugi suke har yanzu, amma ba su suka hana ni barci ba.

Dogo dai ya cika alkawari, tun jiya da magariba ya kawo keken da zan shiga tseren kwalta da shi. Da yatsu biyu na ɗaga shi. Taya siririya, milimita 25 in ji shi, ni da na saba da mai kauri mai haƙora wadda ke cizon tsakuwa a duwatsun Shere. Ya ɗura mata iska har ta yi tauri, ya ce kar in kuskura in rage. Uwargida ta leƙo ta ce, "Wannan abin ne zai ɗauke ka?" Ban tanka ba.

Asuba, sanyi, hazo. Jos ke nan. Shayi a tsaye, ayaba a aljihun baya. Daga Mararraban Jama'a aka sake mu, a bi ta Heipang a nufi Barikin Ladi, sannan a juyo.

Farkon tafiyar ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. A dutse kowa na barin tazara, kana ganin abin da ke gabanka ka zaɓi inda za ka sa taya. A nan kuwa tsakanin tayata da ta na gabana bai wuce tafin hannu ba, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba abin da nake gani sai bayan mutum. Wani ya yi ihu "Rami! Rami!" yana nuna ƙasa, kafin in gane wane gefe har na wuce ta bakinsa. Na ɗan taɓa birki, sai na bayana ya daka mini tsawa: "Malam, cire hannunka daga birkin nan, za ka zubar da mu!" Sai na ce to, bari in koma gaba inda zan ga kwalta da idona. Hawa kuma ba ya ba ni tsoro. Da muka zo wani dogon tudu na danna feda yadda na saba, da na waiga ayarin ya tsinke, 'yan kaɗan ne suka rage a bayana. Cikinsu har da yaron nan mai jar riga.

Koci ya faɗa mana tun kafin a tashi: wanda ya laɓe a bayan wani, iska ba ta dukansa, yana ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Shi ya sa ake karɓa-karɓa. Ka ja na ɗan lokaci, ka kaɗa gwiwar hannu, ka zame gefe, na baya ya karɓa. To na ja. Bayan mun juyo iskar hunturu ta dawo tana dukana a ƙirji, na kaɗa gwiwar hannu. Shiru. Na sake kaɗawa. Shiru. Na waiga na ce, "Ƙanena, zo ka karɓa mana." Ya ɗago kai, baki buɗe, leɓe duk ya bushe, ya ce, "Yaya, wallahi na mutu. Ƙafata ta ƙare, ka yi haƙuri." Yaro ne, bai fi ashirin ba, takalminsa ma an ɗinke shi da zare a gefe. Tausayi ya kama ni. Na zaro gorar ruwana na miƙa masa ta baya, ya sha, ya dawo mini da ita kusan babu komai. Na ci gaba da ja, shi da wani dogon bakano suna manne da tayata, ba na jin komai sai ƙarar sarƙarsu.

Ana hango layin ƙarshe, saura kamar mita 200, sai na ji giya ta yi ƙas-ƙas a bayana. Mamacin nan ya miƙe tsaye a kan feda, keken na rangaji hagu da dama, ya wuce ni fuu. Bakanon ya bi shi. Na ce wa ƙafafuna mu je, suka ce sai dai kai.

Na uku. Aka yi ta tafi, wai ɗan dutse ya yi ƙoƙari.

Ina zaune a bakin kwalbati ina haki, sai ga shi ya zo, ya ɗan rusuna, ya kama hannuna da hannu biyu. "Yaya, Allah ya saka da alheri. Yau ka yi mana aiki." Fuskarsa ba dariya, ba kunya. Na ce amin, don me zan ce? Tun ɗazu nake juya maganar nan, na kasa gane godiya ce ko shaƙiyanci.

Dogo kuwa har da riƙe ciki. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!" Wai ba cuta a ciki, haka tseren kwalta yake. Ya ce in tuna Biniam Girmay, ɗan Iritiriya, da ya ɗauki koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a gasar keke ta Tour de France ta 2024, na taɓa ganinsa yana shan iska a gaba tun daga farko? Ɓoye shi ake yi sai an zo dab da layi. Na ce ai waɗancan 'yan ƙungiyarsa ne, albashi ake biyansu su ja shi, ni wa ya biya ni? Sai ya koma lallashi, wai Cadel Evans na Ostareliya ma daga keken dutse ya fito, ya zo ya cinye gasar a 2011. Na ce e, bayan shekara goma a kan kwalta. Ni gwiwoyina ba su da shekara goman bayarwa.

Laɓewar ba ta dame ni ba, tunda kowa ya ce halal ce. Rantsuwar ce. A Shere in mutum ya ce ya ƙare, to ya ƙare, za ka gan shi ya sauka yana tura keke, mu tsaya mu jira shi a saman tudu. Ban taɓa tunanin gajiya ma abin yin ƙarya da ita ba ce. Can kuma wata zuciyar ta ce, in kuma da gaske yake fa? In da gaske ya ƙare, ruwana ne ya tashe shi? Wannan ya fi ciwo.

Tuwo da miyar kuka, na ci kamar ba gobe. Auta ya saka hular kwanona yana zagaye tsakar gida. Wuta ba ta dawo ba. Wuyana ya ƙage saboda sunkuyon nan, ban san yadda suke jure shi ba.

Bayan isha'i Dogo ya turo saƙo. Wai yaron yana neman lambata, yana so ya biyo mu Shere ranar Asabar, bai taɓa hawa dutse ba, ko zan ara masa tsohon kekena. Ban ba da amsa ba tukuna. Amma na riga na san gangaren da zan fara kai shi.