Muhawarar da muka yi a unguwa kan cunkoson gidan yari

Ƙwacen waya ne ya haifar da muhawarar. Tun 2023 da abin ya yi ƙamari a Kano, duk majalisar da ka zauna maganar ɗaya ce: a kama su, a kulle, a jefar da makullin. Sai ƙungiyar matasan unguwarmu ta shirya zama a filin makarantar Islamiyya, aka sa take: gidan yari na horo ne ko na gyara? Ni aka ba ɓangaren gyara. Abokin karawata ɗan kasuwar waya ne, mutum mai natsuwa, wanda aka soki ƙaninsa da wuƙa a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Yaron ya rayu, amma hannunsa na dama har yau bai koma daidai ba.

Da na ji da wanda zan kara, na san takarda kaɗai ba za ta fisshe ni ba. Sai na roƙi wasu bayin Allah da ke kai abincin buɗa-baki gidan yari da azumi su tafi da ni. Ɗakin da aka bari muka leƙa, zafinsa ne ya fara dukan fuskata kafin wari ya biyo. Mutane kwance a gicciye, kan wannan a ƙafar wancan, wasu a tsugune suna jiran a tashi su samu wurin miƙe baya. Ƙazuwa ta cinye hannuwan da yawansu. Wani saurayi ya matso ya ce, "Malam, don Allah ka tambayar min ranar da za a koma da ni kotu." Bai roƙi kuɗi ba, bai roƙi abinci ba. Ganduroban da ke tare da mu ya ce min a hankali, fayil ɗinsa ake jira ya dawo daga ma'aikatar shari'a, kuma irinsa sun fi yawa a ɗakin.

Wannan ne ya zama ƙashin bayan hujjata. A Nuwambar 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ce akwai mutum sama da 80,000 a gidajen yari 253 na Najeriya, alhali an gina su ne don ƙasa da 50,000. Kusan kashi biyu cikin uku nasu jiran shari'a suke, babu alƙalin da ya ce sun yi laifi. A lokacin ne kuma aka saki mutum 4,068 bayan an biya musu tarar da ta kai naira miliyan 585. Mutum dubu huɗu ke nan da talauci ya riƙe bayan kotu ta riga ta ce in sun biya su tafi gida.

Ranar zaman, abokin karawata ya fara. Bai ɗaga murya ba. Ya ba da labarin daren da suka kwana a asibiti, da yadda wanda ake zargi ya dawo unguwa kan beli yana wucewa ta ƙofar shagonsa. Ya ce wanda bai ji tsoron Allah ba, to ya ji tsoron gabza da sauro. Wurin ya ɗauki kabbara. Gaskiya ya faɗa, kuma da na miƙe abin da na fara cewa ke nan: "Yaya, wanda ya soki ƙaninka ya cancanci ɗauri mai tsawo, ba ni da ja." Na ga kafaɗun mutane sun sauka. Nan na gane cewa in kana kare fursuna a gaban wanda aka zalunta, sai ka fara ba shi haƙƙinsa a baki kafin ya buɗe maka kunne.

Daga nan na tambayi jama'a: wa ke cikin gidan yarin da muke magana a kai? Wanda ya soki mutum yana ciki. Amma a ɗaki ɗaya da shi akwai wanda ya saci akuya, da wanda aka kwaso a samame, da wanda bashi ya kai shi, da wanda ba shi da mai tsaya masa beli. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya shiga a kan satar kaza, in ya shekara biyu yana kwana kusa da ɗan fashi, ba ladabi zai koyo ba. Kuma zai fito. In ban da masu ɗaurin rai-da-rai da waɗanda aka yanke wa kisa, kowa zai fito, ya dawo layinmu, ya hau adaidaita sahu ɗaya da 'ya'yanmu mata.

Na kawo maganar doka ma, don mutane da yawa sun ɗauka gyaran hali ra'ayin 'yan boko ne kawai. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama Hukumar Gidajen Gyaran Hali. Dokar ta tanadi hukunci ba tare da kulle mutum ba: aikin al'umma, ɗaurin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa. Har ta ba shugaban gidan yari damar ƙin karɓar sababbin mutane idan gidan ya cika. Wani dattijo ya katse ni, "Ɗana, ka taɓa jin an ƙi karɓa?" Na ce ban taɓa ji ba, Baba. Ya gyaɗa kai. Dokar tana nan a rubuce, aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Abokin karawata ya dawo da hujja mai ƙarfi: to a gina ƙarin gidaje mana. Ga gidan yarin Kurmawa a nan Kano tun 1910 yake, ga sabon gini a Janguza mai ɗaukar mutum 3,000. Ya tuna mana da katangar gidan yarin Suleja da ruwan sama ya rusa a Afrilun 2024 fursunoni fiye da ɗari suka tsere, da ambaliyar da ta rusa katangar gidan yarin Maiduguri a Satumbar shekarar. Na yarda tsofaffin gine-ginen sun gaji. Sai dai muddin ana tura mutane jiran shari'a ba ranar dawowa, sabon ginin ma cika zai yi. Ga kuma ciyarwa: naira 750 ake ware wa fursuna a rana kafin a ɗaga zuwa 1,125. Kowa a wurin ya san abin da wannan kuɗin ke saya a kasuwa. Mutumin da yunwa ke ci, wace sana'ar kafinta ko ɗinki zai tsaya koya?

Abin da ya juya zaman ba daga bakina ya fito ba. Limamin unguwa ne ya ce a shari'ar Musulunci ana duba wanda aka zalunta tukuna: a mayar masa da kayansa, a biya shi diyyar rauninsa, in ya ga dama ya yafe. Ya juya ga abokin karawata ya ce, "Alhaji, da aka kulle yaron nan, wa ya biya kuɗin asibitin ƙaninka?" Ya ce shi ya biya, har ya sayar da babur ɗinsa. Ashe ɗaurin da muke ta jayayya a kai, ko na horo ko na gyara, bai mayar wa gidansu ko sisi ba.

Ba a bayyana wanda ya yi nasara ba, kuma babu wanda ya nema. Ƙungiya ta yanke cewa kuɗin da ake tarawa da azumi don biyan tara za a ci gaba da tarawa, amma a fara da masu ƙananan laifuka waɗanda suka amince su biya wanda suka cuta, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wani lauya ɗan unguwa ya ɗauki nauyin bin fayilolin yaranmu da ke jiran shari'a. Abokin karawata ya sa sharaɗi ɗaya, cewa kada kuɗin ya taɓa zuwa kan wanda ya zare wa mutum makami, muka amince. Ya kuma ce in an saki yaron da ke son koyon gyaran waya, a kawo masa shi shago, amma uban yaron ko kawunsa ya zo da shi da kansa.